Skyrim gidanka ne, Elder Scrolls Online gidan haya

Shekaranjiya a majalisa bayan sallar isha'i wani ƙanena ya ce in dai Elder Scrolls na shida, sabon gem a jerin wasannin kwamfuta na takobi da tsafi, zai fito, gara a yi shi na intanet kowa da kowa ya shiga, don wai zamanin mutum ya zauna shi kaɗai a ɗaki yana wasa ya wuce. Na ce masa ai an riga an yi, Elder Scrolls Online, tun 2014, kuma na buga. Ya ce to me ya same shi? Na fara bayani, mai shayi ya fara tattara kofuna, aka watse ban kai ƙarshe ba. Shi ya sa na kawo maganar nan. Wanda bai damu da gem ba ya yi haƙuri ya wuce, yau zan tsawaita.

Duk wanda ya buga Skyrim, wato Elder Scrolls na biyar, ya san abin da nake nufi in na ce duniyar nan tasa ce. An fitar da shi ranar 11 ga Nuwamba 2011, ni kuwa sai bayan shekara biyu ya iso hannuna a wata tsohuwar laftof da fankarta ke kuka kamar injin markaɗe. Ana farawa kana ɗaure a bayan amalanke za a kai ka garin Helgen a sare maka kai, dodo ya sauko daga sama gari ya kama da wuta, ka tsira. Daga nan babu mai ce maka ga hanya. In ka ga dama ka bar dodanni su ci duniya, kai ka tafi tsinkar furanni da haɗa magani na tsawon wata guda. In ka ga dama ka kifa wa mai shago bokiti a ka, ka kwashe masa kaya yana tsaye. Akwai lokacin da na cika gidana na birnin Whiterun a cikin wasan da cuku, ɗaki guda har ƙofa, ba don komai ba sai don babu mai hana ni. Na dawo bayan kwana goma na tarar da cukuna yadda na bar shi.

Morrowind na 2002, wato na uku a jerin, ma ya fi haka sakin jiki. A can za ka iya kashe mutumin da labarin gaba ɗaya ya rataya a wuyansa. Wasan ba zai riƙe hannunka ba, sanarwa kawai zai fito maka da ita cewa ka tsinke zaren ƙaddara, ko ka koma inda ka ajiye wasa, ko ka ci gaba da zama a duniyar da ka lalata. Wannan amana ce babba, a ba ka abu a ce in ka so ka fasa shi.

To wannan amanar ce ba ta yiwuwa da zarar mutum dubu sun shigo. Kuma ba mugunta ba ce ta masu yin wasan, lissafi ne. In na kashe mai shago a gari, wanda zai shigo bayana da minti biyar a wajen wa zai sayi takobi? Dole mai shagon ya tashi. In na buɗe akwatin dukiya, dole ya sake cika. In na kashe babban mugun da ya addabi ƙauye, mutanen ƙauye za su yi min godiya har da hawaye, ina juyawa in ga wani yana shiga kogon ya kashe shi karo na dubu goma a ranar. Gidan haya ke nan. Kana kwana a ciki, kana iya shimfiɗa dadduma ka rataya labule, amma ba ka isa ka fasa bango ba, domin akwai wanda zai shiga bayanka.

An san wannan tun kafin a haifi ƙanen nawa. Ultima, jerin wasannin Richard Garriott da mutum ke bugawa shi kaɗai, ya yi wannan hijirar zuwa intanet da Ultima Online a 1997. Sun zauna sun tsara daji mai rai: zomaye da barewa su ci ciyawa, kyarkeci ya ci su, in nama ya yi ƙaranci manyan namun daji su nufo gari. Garriott da kansa ya ba da labarin yadda abin ya ƙare. Ana buɗe ƙofa 'yan wasa suka bazu kamar fara, duk abin da ke motsi suka kashe, tsarin bai ko samu damar numfashi ba, daga ƙarshe aka cire shi. A lokacin gwaji kuma, cikin watan Agusta na shekarar, Garriott ya shigo da siffarsa ta sarki Lord British zai yi wa jama'a jawabi, ya manta bai kunna kariyar da ke hana a kashe shi ba, wani ɗan wasa ya watsa masa wuta ya faɗi matacce a gaban talakawansa. Wanda ya ƙirƙiri wasan ke nan. Ina ga kai baƙo?

Elder Scrolls Online ba Bethesda Game Studios na su Todd Howard, waɗanda suka yi Skyrim, ne suka yi shi ba, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su. Wani reshe ne daban, ZeniMax Online Studios, da aka kafa a 2007 ƙarƙashin Matt Firor, wanda ya fito daga cikin waɗanda suka yi Dark Age of Camelot. In ka san wancan wasan na 2001, da ɓangarori uku masu yaƙi da juna, za ka gane daga ina aka ɗauko ɓangarori ukun Elder Scrolls Online, Ebonheart Pact da Daggerfall Covenant da Aldmeri Dominion, da fafatawar da suke yi a kan Cyrodiil, ƙasar da babban birnin daular yake. Tsarin yaƙin ne ya zo da farko, sannan aka lanƙwasa tarihi ya shiga cikinsa. In ba haka ba, wa zai haɗa ƙabilun Dunmer da Argonian a tuta ɗaya, alhali waɗancan sun yi ƙarni a kan ƙarni suna bautar da waɗannan? An kawo dalili, wai harin Akaviri, mahara daga wata nahiya, ne ya tilasta musu, na ji, amma ɗinkin yana nunawa.

Abin da na yaba shi ne zaɓen zamani. Sun koma baya kusan shekara dubu kafin Skyrim, lokacin da gadon sarautar Cyrodiil ba shi da tsayayyen mai shi. Saboda haka in ɓangarenku ya kame ganuwa shida da ke kewaye da babban birnin, kuma kai ne kan gaba a maki, sai a naɗa ka sarkin sarakuna, jibi a tuɓe ka, kuma tarihi bai karye ba. Wannan dabara ce ta masu kai.

Amma labarin kansa ya zo da tsohuwar matsalar. Mugun aljani Molag Bal ya sace ranka, ka tsere daga masarautarsa Coldharbour, wani makahon dattijo ya gaya maka kai ne wanda ake jira. Ka fito gari cike da alfahari, ka tarar da mutum arba'in a bakin rijiya suna tsalle-tsalle, kowannensu an gaya masa shi ne wanda ake jira. Tatsuniya tana da Gizo ɗaya. In kowa a dandali Gizo ne, wa za a yi wa wayo?

Fitowarsa ranar 4 ga Afrilu 2014 ba ta yi armashi ba, kuma wannan ba sirri ba ne. Ka sayi wasan, sannan ka riƙa biyan dala goma sha biyar duk wata. 'Yan damfara sun cika koguna da mutum-mutumin kwamfuta da ke tsaye a kan babban dodo, yana tashi su kashe shi kafin ɗan adam ya ɗaga hannu. Abokai biyu za su shiga tare, in ɗaya ya riga ɗaya gaba a labari sai su daina ganin juna. Sata, wadda rabin daɗin Elder Scrolls ke nan, babu ita yadda aka saba. Kowane yanki kuma da matakin ƙarfinsa, in ka tsallaka inda bai kai ka ba kunama ma ta ishe ka.

Yanzu ku dubi yadda aka gyara shi, don a nan hujjata take. Maris 2015 aka cire dolen biyan wata-wata, aka kawo sata da dogarai masu kama ɓarawo. A 2016 aka kawo ƙungiyar ɓarayi da ta makasa, Thieves Guild da Dark Brotherhood. Oktoba 2016 sabuntawar One Tamriel ta rushe shingayen yankuna, ka tafi duk inda ka ga dama tun ranar farko. A 2017 aka ba mutum gida nasa, aka kuma mayar da mu ƙasar Morrowind. A 2021 aka kawo abokan tafiya na kwamfuta, su bi ka su taya ka faɗa, kamar dai yadda dogariya Lydia ke bin mu da kaya a Skyrim. Ku lissafa. Kowane gyara da ya sa mutane suka dawo, taku ne na komawa ga wasan mutum ɗaya.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Final Fantasy XIV ya fito a 2010 ya faɗi warwas, har kamfanin ya ba da haƙuri, ya ɗora Naoki Yoshida, aka rufe wasan a 2012 ta hanyar faɗo da watan sama a kan duniyarsa, aka sake buɗewa a 2013. Yau shi ne abin misali a wannan fage, amma shi ma daga baya ya shirya yadda za ka bi babban labarin da abokai na kwamfuta ba sai ka jira kowa ba. Dragon Quest X da aka yi na intanet a 2012, bayan shekara goma sai da aka fitar masa da na bugawa ba intanet a Japan. Fallout 76, ko da yake shi ba na takobi da tsafi ba ne, ya fito a 2018 babu mutanen gari ko ɗaya, wai 'yan wasa su ne za su zama mutanen. A 2020 suka dawo da mutanen gari.

Kada a ce na ƙi abin ne gaba ɗaya. Elder Scrolls Online ya kai ni wuraren da shekara da shekaru sai dai mu karanta su a littattafan cikin wasa: Summerset a 2018, Elsweyr ƙasar Khajiit, mutane masu siffar kyanwa, a 2019. Rubutun wasu ƙananan labaransa ya fi na Skyrim, na faɗa, mai jin haushi ya ji. Kuma ranar da na fara shiga ayarin mutum hamsin muna rusa ganuwa a Cyrodiil, duwatsu na zubowa, wani Bajamushe yana ihu a kunnena da Turancin da bai fi nawa ba, na ji abin da babu wasan mutum ɗaya da zai ba ni.

Sai dai mu nan akwai abin da ya ƙara mana nauyi, wanda ɗan Turai ba ya sa shi a lissafi. Manyan sabobin wasan, wato kwamfutocin da ke riƙe da duniyarsa, biyu ne, ta Amurka da ta Turai, babu ta Afirka. Duk saran da ka kai sai ya je Turai ya dawo, kafin nan an gama da kai. Girman wasan ya kai wajen giga ɗari, ga sabuntawa a kai a kai, wanda ke sayen data ya san me hakan ke nufi. In aka ɗauke wuta ina cikin Skyrim, laftof ta ci gaba da batir, in ajiye wasa in rufe. In aka ɗauke ina cikin kogo da mutum uku, na'urar intanet ta mutu, na bar bayin Allah a gaban dodo babu mai yi musu magani. Sannan babban abin: babu dakatarwa. A Skyrim ladan na kiran magariba zan danna maɓalli, dodo ya daskare a sama da bakinsa a buɗe har in dawo daga masallaci in ci tuwo. A wasan intanet, je ka gaya wa mutum goma sha ɗaya da suka yi awa guda suna shiri cewa su jira ka.

Ga kuma maganar kuɗi. Wasan mutum ɗaya sau ɗaya yake buƙatar ya burge ka, ka saya, an rabu. Na intanet yana buƙatar ka dawo gobe da jibi, don haka ake gina shi da ƙugiyoyi: ladan shigowa kullum, bukukuwa masu wa'adi, jakar kayan sana'a marar iyaka da sai mai biyan wata-wata ke samu. Akwatunan sa'a da suka shigo a ƙarshen 2016, ka biya kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba, ni dai ban san sunan da zan ba su ba in ba ɗan'uwan caca ba. Kuma mai gidan haya ranar da ya ga lissafi bai fita, zai sa kwaɗo. Morrowind ya haura shekara ashirin, har yanzu yana tashi a kwamfutata, masu sha'awa suna ƙara masa ƙasashe da hannunsu. Wasan da ke zaune a sabar wani, ranar da aka kashe ta, gidanka da dokinka da shekarunka sun tafi tare.

Da na matsa wa ƙanen nawa washegari, sai na gane ba mutum dubu yake so ba. So yake shi da abokansa biyu su shiga kogo ɗaya, su yi gardama a kan wa zai ɗauki takobin. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma daban take. Masu sha'awa sun yi wa Skyrim irin wannan gyaran da kansu, Skyrim Together Reborn, a 2022. Baldur's Gate 3 ya fito a 2023 da damar mutum huɗu su yi tafiya tare, kuma in abokinka ya kashe wani muhimmin mutum, ya mutu ke nan, ku duka za ku ɗauki sakamakon. Duniyar taku ce ku huɗu, kuna iya fasa bango.

Elder Scrolls na shida tun Yunin 2018 aka nuna mana duwatsu da suna na 'yan daƙiƙoƙi. Microsoft ta sayi ZeniMax, uwar kamfanin Bethesda, gaba ɗaya a kan dala biliyan 7.5, wani wasan nasu, Starfield, ya fito a 2023, mu dai muna zaune. In ya zo da ƙofar da zan gayyato mutum biyu ko uku, marhaban. In ya zo da mutum arba'in a bakin rijiya, zan koma Whiterun, cukuna na nan.