Ku bar wa Traveller mutuwarsa

Tun jiya raina a ɓace yake kan rubutun nan da ake ta turawa a zaurenmu, wai dokar mutuwa a Traveller, wasan tebur na labarin sararin samaniya da ake yi da dayis da fensir, shirme ce ta mutanen da, wai ba su iya tsara wasa ba ne. Abin da ya fi ba ni haushi, mai rubutun da bakinsa ya ce bai taɓa zama ya jefa dayis a wasan ba, karantawa kawai ya yi. To malam, da wane bakin za ka yanke wa Marc Miller, wanda ya ƙirƙiro wasan, hukunci?

E, gaskiya ne. A bugun 1977 na kamfanin GDW, ƙananan baƙaƙen littattafai uku ɗin nan da ke cikin akwati, mutumin da za ka taka a wasan yana iya mutuwa tun kana haɗa shi, kafin alƙalin wasa ya buɗe baki. Amma da gangan aka sa dokar, kuma ita ke riƙe da komai.

Ka fara da yaro ɗan shekara 18. Dayis biyu irin na lido, ka jefa sau shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, ilimi, matsayi a cikin jama'a. Sai ya nemi aiki, ko sojan kumbo, ko sojan ƙasa, ko fatauci, ko 'yan leƙen sababbin duniyoyi. Idan an ƙi ɗaukarsa, a tura shi inda ƙuri'a ta faɗa. Kowane zango shekara 4 ne, kuma a kowane zango sai ka jefa ka ga ko ya rayu. Ɗan leƙe 7 yake nema ko sama, wato in ba shi da juriyar da za ta ƙara masa maki, jifa 15 cikin 36 kabari ne. Ya tsira, ya samu ƙwarewa, wataƙila har da ƙarin girma. Daga nan sai tambayar da ta sa wasan ya zama wasa: ka sallame shi haka, ko ka sake mayar da shi?

Na ga wani ƙanena riƙe da dayis ya kasa saki. Matuƙinsa ya yi zango uku, shekara 30, ya iya tuƙi, ya iya gyaran inji. Ya san in ya ƙara zango ɗaya zai kai 34, inda tsufa ke fara cin ƙarfin jiki, kuma ya san yana iya rasa shi gaba ɗaya. Gumi yake yi a kan mutumin da ba a fi minti goma da rubuta sunansa ba. Ka cire mutuwa, wannan gumin ya tafi. Kowa zai bar mutuminsa a aiki har ya tara ƙwarewa da fansho, a taru a tebur duk manyan hafsoshi ne masu ritaya. Me ya rage a yanke shawara a kai?

Za a ce ɓata lokaci ne. Wane lokaci? Mutum ɗaya layi biyu ne a katin takarda, in ya mutu ka ɗauki wani. Za a ce ai kamfanin Mongoose da suka sake fitar da wasan a 2008 sun mayar da mutuwar ta zama tsautsayi, a ji maka rauni ko a kore ka daga aiki. Na sani, na buga shi, yana da daɗi, ban hana kowa ba. Amma sassauci daban, a ce na asalin kuskure ne daban. Masu cewa ɗan wasa na da haƙƙin ya samu irin jarumin da yake so kuwa, ga wasanni nan birjik da ke raba maki ka sayi abin da ranka ke so. Traveller bai taɓa yi wa kowa wannan alkawarin ba. Abin da yake ba ka shi ne mutum mai tarihi, wanda ya sha wuya kafin ku haɗu, kuma kana ƙaunarsa ne domin ka ga lokacin da ya kusa tafiya.

Haka ma sauran dokokin suke, ba su shagwaɓa kowa. Ka samu kumbon fatauci, sai ka tarar da bashin shekara 40 a kansa, kowane wata banki na jira. Wannan bashin ne ke sa mutanen kirki su karɓi kayan da bai kamata su ɗauka ba.

Ni dokar da ma nake so a riƙa magana a kanta ita ce ta tsalle. Kumbo ya yi tsalle daga tauraro zuwa tauraro, kusa ko nesa, mako ɗaya ne. Babu waya, babu saƙon da ya fi kumbo sauri, labari sai an ɗauko shi kamar yadda ayarin fatake ke shigowa gari da labarin Gwanja. Ka ji kaya na tsada a wata duniya, ka cika kumbo ka nufi can, alhali labarin ya kwana bakwai kafin ya zo maka, kai ma sai ka kwana bakwai kafin ka isa. Ranar Asabar wannan za mu buga, duk mai zuwa ya taho da fensir da dayis ɗinsa.