Malamin da ya mayar muku da tambaya bai cuce ku ba

Assalamu alaikum ƙannena ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, har da ku 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO. Ƙorafi ya yawaita a bakinku cewa malami wane ba ya koyarwa, domin idan ya shigo aji sai ya jefo tambaya, ya kasa ku rukuni-rukuni, ya ce ku je ku binciko ku dawo masa da hujja. Wanda kuke yabo shi ne mai karanto darasi kuna kwafa, ranar jarrabawa ku amayar masa da abinsa kalma da kalma, bayan mako biyu kuma ko kan maganar ba ku iya tunawa. Wannan lissafin naku a karkace yake.

Ku tuna abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a shekarar 2010, lokacin da ƙananan yara suka riƙa farfaɗiya suna mutuwa, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro amma ba sauƙi. Ba a gano bakin zaren ba sai da likitoci suka tsaya suka tambayi kansu dalilin da ya sa magani ya ƙi ci, da dalilin da ya sa cutar ta fi tsanani a garuruwan masu haƙar zinare. Aka gwada jinin yaran, aka gwada ƙasar tsakar gida, sai ga gubar dalma daga duwatsun da ake dakawa a turmi ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Dalma tana cikin littafin kimiyyarku, kuma da yawanku za su iya rubuta alamarta ta sinadari a jarrabawa, amma nawa ne cikinku suka taɓa tambayar abin da ke cikin ruwan rijiyar unguwarsu? Irin wannan tambayar ce malamin nan yake ƙoƙarin saba muku da ita.

Kada wani ya ce muku wannan sabon salo ne na Turawa. A makarantar zaure ɗalibi ne ke ɗauko littafinsa, ya yi muɗala'a tun da dare, ya zauna gaban malam ya ja baƙi da kansa, malam ya fassara ya gyara, inda ya shige masa duhu kuma ya tambaya. Allah ma ya umarce mu a cikin Suratun Nahli da mu tambayi ma'abota sani idan ba mu sani ba. Kunyar da ke hana ku ɗaga hannu don kada abokai su yi dariya ba ita ce kunyar da iyaye suka hore mu da ita ba.

Gaskiya ne akwai malaman da ke fakewa da "ku je ku bincika" su tafi sabgar gabansu, kuma ajin da ya cika maƙil ba ya barin malami ya bi kowa. Haƙƙinku ne ku nemi ya nuna muku inda za ku duba, ya karanta abin da kuka kawo, ya faɗa muku inda kuka kauce, kuma ku nema cikin ladabi. Amma karatun kansa babu mai yi muku shi. Wanda ya kwafo amsa daga intanet ya miƙa ba tare da ya karanta ba, ko ya biya mai shagon kwamfuta ya haɗa masa aikin kammala karatu, ba bincike ya yi ba. Kafin lakca ta gaba, kowa ya karanta babin, ya rubuta tambaya ɗaya da littafin bai amsa ba, ya shiga aji da ita.