Digirin digirgir ba ya buɗe ƙofar likitanci, amma ya kamata ya rage tsawon hanya

A Amurka ba a shiga makarantar koyon aikin likita daga sakandare. Sai mutum ya gama digirinsa na farko, ya zauna jarrabawar neman shiga makarantar likitanci, wato MCAT, wadda ke cin sama da sa'o'i 7, sannan ya nemi gurbi a karatun shekara 4. Masu nema sukan haura 50,000 a shekara, waɗanda ake ɗauka kuwa ba su kai rabi ba. A cikin wannan tururuwa akwai masu digirin digirgir a kimiyyar ƙwayoyin cuta ko ta sinadaran jiki, kuma da yawansu suna zuwa da zaton takardarsu za ta sa a ba su gurbi kai tsaye. Ba ta sa wa, kuma a ganina makarantun suna da gaskiya.

Tsarin AMCAS, inda ake cike takardun nema, yana lissafa makin digirin farko daban, na karatun gaba da digiri daban. Wanda ya yi sakaci yana ɗan shekara 19, wannan maki yana nan yana jiransa ko da ya wallafa bincike goma daga baya. Makin MCAT yana tsakanin 472 da 528, waɗanda ke samun shiga kuma matsakaicinsu ya ɗan haura 510. Makarantu da yawa ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara 3, don haka dole mai digirin digirgir ya koma ya buɗe littattafan da ya rufe tun da daɗewa.

Abin da ya fi kayar da su, shi ne tambayar da ake yi a zaman tantancewa: me ya sa likitanci, kuma me ya sa sai yanzu? Mutumin da ya yi shekara shida yana auna ɓeraye da leƙa madubin ƙara girma ya san yadda cuta ke aiki a cikin jiki. Amma bai taɓa tsayawa gaban uwar da ɗanta ke jijjiga da ƙarfe biyun dare ba, tana riƙe da rigarsa tana tambayarsa ko yaron zai tashi. Kwamitin tantancewar yana son shaidar cewa ya zauna da majinyata, ya bi likitoci zagayen ɗakunan kwanciya, ya ga jini da kuka bai ja da baya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zo hira ba shi da wannan, sai a ɗauka aikin bincike ne ya gundure shi yake neman mafita. Rayukan mutane ake shirin damƙa masa, dole a tabbatar.

Inda nake da ja shi ne bayan an ɗauke shi. Me zai sa wanda ya koyar da ilimin sinadaran jiki ya sake zama aji ana karanta masa shi daga farko, yana biyan kuɗi, shekarunsa na tafiya? An taɓa gwada wata hanya. Jami'ar Miami ta gudanar da shirin da ke mayar da masu digirin digirgir likitoci cikin shekara 2, daga 1971 zuwa 1989, ta yaye sama da mutum 500. Jami'ar Columbia a New York ita ma ta buɗe irinsa na shekara 3. Ƙasar ta daɗe da sanin darajar mai ƙafa ɗaya a asibiti ɗaya a ɗakin gwaji, shi ya sa hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, ke ɗaukar nauyin karatun likitanci da na digirin digirgir a haɗe tun 1964. Drew Weissman, wanda ya raba kyautar Nobel ta 2023 da Katalin Karikó kan binciken da ya haifar da rigakafin korona, duka biyun yake riƙe da su.

Maganar ta shafe mu ƙwarai. Azuzuwan kimiyya a jami'o'in Najeriya cike suke da waɗanda likitanci suka cike a JAMB aka tura su wani fanni. Wasu sun dage har sun zama daktocin bincike, amma burin bai mutu ba. Idan irin wannan mutum ya dawo, hanyar da ke gabansa ita ce ta shiga kai tsaye zuwa aji biyu, ya yi shekara 5 daga cikin 6, daidai da mai digiri ɗaya, sannan shekarar horo a asibiti. Mai iyali ɗan shekara 35 da wuya ya iya. Ga shi kuma likitocinmu na ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya.

Ingila ta buɗe karatun shekara 4 ga masu digiri tun 2000. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC da majalisar kula da aikin likitoci ta MDCN suna iya gwada irinsa a wuri ɗaya ko biyu, kamar Zariya ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. A yi jarrabawar shiga mai tsanani, a nemi shaidar watannin da mutum ya yi yana hidima a asibiti, a yafe masa darussan da ya riga ya ƙware a kansu, amma kada a rage masa ko mako ɗaya daga shekarun duba majinyata.