Ba kunnen ƙashi ba ne, bai ji ba ne

Washegarin haihuwar 'yata a nan Ingila, wata ma'aikaciyar asibiti ta turo 'yar na'ura har bakin gadon mai jego. Ta zura wani abu mai laushi a kunnen jaririyar tana barci, ko motsi ba ta yi ba. Kafin in gama gyara zama ta ce kunnuwan lafiya lau. Tun 2006 ake yi wa jarirai wannan gwaji kyauta a faɗin ƙasar. Na yi godiya, amma tuni hankalina ya koma gida, wurin ƙanena.

Sanƙarau ɗin 1996 ya kwantar da shi yana ɗan shekara biyar. Da ya tashi aka yi sadaka, aka yi murna. Ba wanda ya lura ciwon ya tafi da kunnensa na dama, na hagun ma ya taɓu. Sai a kira shi sau uku bai waiwayo ba, Inna ta ce, "Yaron nan kunnen ƙashi ne da shi." A makarantar allo ya sha bulala. Gwaggo ta ce shafar aljanu ce, aka yi hayaƙi, aka ɗiga masa mai iri-iri. Sai da ya kai shekara goma sha ɗaya aka gwada jinsa. Shekara shida muna dukan yaro a kan laifin ƙwayar cuta, ni ma da hannuna a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke haɗa kurma da bebe kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Yawancin waɗanda muke kira bebaye harshensu kalau yake. Yaro da kunne yake koyon magana, in bai ji "Baba" ba, ta yaya zai faɗa? Shi ya sa ake rige-rigen gano matsalar a watannin farko. Mu kuwa sai mu ce nauyin baki ne, kakansa ma bai yi magana da wuri ba.

Kuma ba duka ne aka haife su da abin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara ana iya kauce mata. Ƙyanda, hangum, sanƙarau, zazzaɓin Lassa, duk suna iya kawo ta. Ga kunne mai zubar da ruwa da muke toshewa da auduga mu ce zai bushe da kansa, alhali dodon kunne ne ya huje. Ga allurar gentamicin, maganin ƙwayoyin cuta mai iya lalata ji, da ake tsira wa yaro a kemis ba awo ba ƙa'ida. Ga mai injin markaɗe da ke wuni a cikin ƙara.

Kada a ce na zo Turai ina zagin gida. Akwai inda muka fi su. A kasuwanninmu mai shayi da mahauci suna cinikayya da kurma da maganar hannu, ba wanda ya koya musu a aji, kuma ana zama da shi a majalisa. Nan kuwa maƙwabcina tsoho, da jinsa ya ragu sai ya daina fita, daga shi sai talabijin. Na'urar ji kyauta ce gare shi, amma tana cikin durowa, wai za ta nuna ya tsufa. Ashe kunyar nan ba tamu ba ce mu kaɗai. Tabarau ado, na'urar kunne abin ɓoyo.

Ni ma na tafka tawa wautar. Da Baba ya fara cewa mutanen yanzu ƙasa-ƙasa suke magana, sai na saya masa na'ura a intanet na aika, kamar mai aika rediyo. Kwana biyu ya cire.

"Abin nan naka kuka yake kamar gyare," in ji shi.

Ashe sai an auna kunne, an ga wane irin sauti ya ɓace, an saita na'urar daidai da mai ita, sannan ƙwaƙwalwa ta yi makonni tana sabawa. Ko a hakan ba ta mayar da ji yadda yake a da. Akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, ban ma yi tunaninta ba sai da kuɗina suka tafi.

Da na je gida bara, ƙanen nan nawa ne ya raka Baba aka auna, aka saita masa wata. Yanzu yana sa ta, amma ranar Juma'a kawai, don ya ji huɗuba. Sai ya ja rawani ya rufe ta tukuna ya fita.