David Barrow: faston da ya saki bayinsa ya riƙe fartanya

Idan Amurkawa suna ba da labarin fastocin Baptis da suka bi masu ƙaura zuwa dazukan Kentucky a ƙarshen ƙarni na 18, abin da suka fi yabawa shi ne ba sa cin albashi. Ranakun mako suna gona, ana sassabe ana shuka masara, Asabar da Lahadi su ɗaura sirdi su tafi wa'azi daga wannan bukkar katako zuwa waccan. Sai a ce tunda ba sa cin abin hannun kowa, babu mai sa wa bakinsu linzami. Ni dai wannan yabo bai gamsar da ni ba, domin akwai tambayar da ake tsallakewa: idan fasto ya hau doki, wa ya bari a gonar?

Sau da yawa bayi ne. A 1781 wani faston Baptis mai suna Lewis Craig ya ja ɗaruruwan mabiyansa daga Virginia suka tsallaka duwatsu zuwa Kentucky, kuma da bayi a cikin ayarin. Ɗan'uwansa Elijah Craig, fasto kuma ɗan kasuwa, shi ma mai bayi ne. Ita kanta ƙasar da suka sassabe wurin farautar ƙabilun Shawnee da Cherokee ce tun kafin zuwansu. Ashe ba kowane fasto manomi ne ya ci guminsa ba.

Shi ya sa nake ganin David Barrow daban yake. An haife shi a Virginia a 1753, ya yi wa'azi tun lokacin da ake tsangwamar 'yan Baptis a can. A 1778 wasu 'yan iska suka finciko shi daga wurin taro, suka dinga dulmiya shi cikin ruwa don izgili ga baftisma. Ya yi soja a yaƙin ƙwatar 'yanci daga Birtaniya, kuma ya ɗauki maganar 'yancin da gaske: a 1784 ya 'yanta bayinsa. Wannan a baki yana da sauƙi. Ga manomi mai iyali, wanda wa'azi ke cinye masa kwanaki, sakin bayi na nufin duk kunyar da za a huɗa daga nan gaba da ƙarfinsa ne da na 'ya'yansa. A 1798 ya tattara ya koma yankin Montgomery a Kentucky, ya ci gaba da noma da wa'azi, bai kuma daina cewa mallakar ɗan Adam zunubi ba ne.

'Yan'uwansa fastoci ba su iya jure wannan ba. A 1805 ƙungiyar ikklisiyoyin Elkhorn ta yanke cewa bai dace fasto ko coci su tsoma baki a batun 'yanta bayi ba, wai siyasa ce. Shekara ta zagayo, 1806, ƙungiyar ikklisiyoyin North District, wadda yake cikinta, ta kori Barrow. Ba mamaki. Masu bayi ne ke zaune a sahun gaba, wasu fastocin ma kansu suna ciki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Barrow bai ci ba.

Akwai masu cewa ya raba kan coci a banza, tunda ƙungiyar masu ƙin bauta da shi da abokansa suka kafa a 1807 ba ta taɓa girma ba, kuma ta dusashe bayan mutuwarsa a 1819. Haka ne, ba ta girma ba. Amma shirun da Elkhorn ta zaɓa ma bai haɗa kan kowa ba, jinkirta rikicin kawai ya yi: a 1845 'yan Baptis na kudu da na arewa suka rabu, a kan bautar nan dai. Haɗin kan da sharaɗinsa shi ne kada a ambaci wanda ke noma babu lada, ban ga abin kiyayewa a cikinsa ba.

Ƙananan coci-coci masu ƙin bauta irin nasu Barrow sun ci gaba da taruwa a karkarar Kentucky. A ɗaya daga cikinsu, Little Mount, wani kafinta manomi mai suna Thomas Lincoln yake ibada, kuma ɗansa Abraham Lincoln, wanda aka haifa a 1809 kuma daga baya ya zama shugaban Amurka, a gidan wannan mai ibada ya buɗe ido. Bauta ba ta ƙare a Kentucky ba sai Disamba 1865, shekara 46 bayan an binne Barrow.