Kada ku auna matashin ɗan baya da yawan makinsa: darasin zaɓen Moritz Seider

Jama'a masu bin hokin ƙanƙara, duk shekara, yawanci a watan Yuni, idan ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hokin Amurka da Kanada, suka zauna zaɓen matasan 'yan wasa, muhawara ɗaya ce take dawowa. Da an kira sunan ɗan baya a sahun farko sai kowa ya ruga ya duba maki nawa ya tara a kakar da ta wuce, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da taimakon da ya bayar aka ci. In makin ya yi yawa a ce an yi dace, in ya yi kaɗan a ce an yi asara. Ni a ganina wannan awo gurgu ne, kuma babu misalin da ya fi fito da gurguntarsa kamar abin da ya faru ranar 21 ga Yuni, 2019, a birnin Vancouver na Kanada.

A daren nan Jack Hughes ne ya tafi na farko, Kaapo Kakko na biyu, Kirby Dach na uku. Ƙungiyar Colorado ta ɗauki ɗan baya Bowen Byram a na huɗu, ba wanda ya yi mamaki, domin yaron ya ci ƙwallaye 26 ya tara maki 71 a wasanni 67 da ƙungiyar Vancouver Giants ta gasar matasa. Da aka zo na shida, Steve Yzerman, wanda watanni biyu kacal ke nan da karɓar ragamar ƙungiyar Detroit Red Wings a matsayin babban manaja, ya kira sunan wani Bajamushe ɗan shekara 18, Moritz Seider. Shi kansa yaron kyamara ta nuno shi baki buɗe. Yawancin masu hasashe a tsakiyar zagayen farko suka ajiye shi, ofishin tantance matasa na NHL kuma na shida ya sa shi a cikin 'yan wasan Turai kaɗai, ba a haɗa da na Amurka da Kanada ba. Makinsa fa? Wasanni 29 da Adler Mannheim, ƙwallo 2, taimako 4. Maki shida ke nan.

Maki 71 a gefe guda, maki 6 a ɗaya gefen. Wanda takarda kawai yake karantawa zai ce ai babu haɗi. Sai dai Byram da tsararrakinsa 'yan shekara 16 zuwa 20 yake karawa, shi ne jigon ƙungiyarsa, duk lokacin da aka kori ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu shi ake miƙa wa faifai, wato ɗan abin robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, ya tsara hari. Seider kuwa yana da shekara 17 yana wasa a babbar gasar Jamus, cikin magidanta masu gemu, wasunsu sun taɓa buga NHL, a ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasar a shekarar. Koci mai neman kofi ba ya ba yaro irin wannan damar tsara hari lokacin rinjayen mutum ɗaya, tsofaffin hannu yake ba. A nan ne kuwa 'yan baya suke tara kaso mai tsoka na makinsu. Saboda haka tambayar farko da mai farautar 'yan wasa yake yi ita ce: da wa yaron yake karawa, minti nawa ake ba shi, kuma a wane irin yanayi? Sai an amsa wannan sannan lambobi suke da ma'ana.

To me ake kallo in ba maki ba? Abu na farko, kuma a nan zan fi daɗewa, shi ne tazarar da ɗan baya yake bari tsakaninsa da maharin da ya taso masa. Ku tuna shi da baya-baya yake sulɓi, maharin kuma da gaba yake tahowa a guje. Abin da ake so, lokacin da maharin zai iso shuɗin layin da ya shata yankin tsaro, tazarar ta zama kamar tsawon sanda ɗaya zuwa biyu, gudun su biyun ya zo daidai, sandar ɗan bayan tana miƙe a gabansa da hannu ɗaya, bakinta a kan ƙanƙara, tana tsokanar faifan. Kafaɗarsa ta waje ta yi daidai da kafaɗar maharin ta ciki, don ya toshe tsakiya ya kora shi gefen katanga. Idonsa a ƙirjin maharin, ba a kan faifai ba, domin hannu yana yaudara amma ƙirji inda ya nufa nan mutum zai bi.

Yaran da ba su yarda da ƙafarsu ba, tsoro ne yake sa su ja da baya da wuri. Sai ka ga tazarar ta kai sanda huɗu ko biyar, maharin ya shigo yankin a sake, ya ɗaga kai ya zaɓi abin da yake so. Mafi muni, ɗan bayan ya yi ta ja har ya je ya tsaya a gaban golansa ya tare masa gani. Wasu kuma kishiyar haka suke yi, su tsaya cak a kan layi, a zagaye su kamar turke. Kuskure na uku ya fi ɓoyuwa, sai mai ido: yaro ya harɗe ƙafa ɗaya a kan ɗaya da wuri don ya ƙara gudu zuwa dama, a daidai wannan ɗan lokacin nauyinsa duk ya koma gefe guda, gwanin mahari sai ya karya hagu, kafin ya warware ƙafafun an wuce. Shi ya sa ake kallon ƙugu. Wanda zai iya buɗe ƙugunsa ya juya daga baya-baya zuwa gaba ba tare da ya rage gudu ba, ta dama da ta hagu duka, shi ne zai rayu a NHL. Yawancin yara gefe ɗaya suka iya, kuma manyan 'yan gaba ba sa ɗaukar wasa biyu kafin su gano gefen da ya mutu.

Seider yana da tsawon da ya haura santimita 190, amma ƙugunsa da ƙafarsa suna juyawa kamar na ƙaramin mutum. Wannan haɗin shi ne abin da ba a cika samu ba. Dogo mai dogon hannu da doguwar sanda, in har yana iya riƙe tazara, ya rufe rabin fili ke nan.

Abu na biyu shi ne ɗauko faifai daga lungu. A NHL idan 'yan gaba suka ga an toshe musu layi, sai su wurga faifan can bayan raga su bi shi a guje. Ɗan baya ne zai juya ya riga su isa, fuskarsa na kallon katanga, wani ƙato mai kilo 95 yana biye da shi. Ku lura da kansa a wannan lokacin. Na kirki yana waigawa ta kan kafaɗa sau ɗaya ko biyu tun kafin ya taɓa faifan, ya san ta ina mai matsa masa yake zuwa, ina abokin tsaronsa yake, ina ɗan gefensa ya tsaya. Ba ya dosar katanga kai tsaye, a karkace yake zuwa, don ya ɗauki faifan yana cikin tafiya kuma kada a maka shi da katanga da ka. Daga nan zaɓi huɗu ne ko biyar: ya tura wa ɗan gefe ta jikin katanga, ya ba abokin tsaronsa ta bayan raga, ya zagaya ragar da kansa ya bar ta ta tare masa mai binsa, ya ja mai binsa gefe guda sannan ya sakar wa abokinsa faifan a baya, ko in duk hanya ta toshe ya buga shi ta jikin gilashi ya fita. Wanda bai waiga ba, zaɓi ɗaya gare shi, ya doka faifan da ƙarfi ya zagaya katanga, ɗan bayan abokan hamayya ya tare a bakin layi, hari ya dawo sabo. Babu takardar da za ta rubuta wannan a matsayin laifinsa, amma ƙungiyarsa za ta ƙara daƙiƙa 30 tana shan wahala a gidanta, a wasan da zubi ɗaya na ɗan wasa, wato lokacin da yake yi a fili kafin a canza shi, bai cika wuce daƙiƙa 45 ba.

Akwai wata matsala ta musamman ga yaran Turai. Filin Turai na gargajiya faɗinsa mita 30 ne, na NHL kusan mita 26. Mita huɗun nan ba wasa ba ne. A babban fili kana da lokacin ɗaga kai, a ƙarami kafin ka ɗaga an iso ka. Dole mai tantancewa ya tambayi kansa, natsuwar da nake gani a yaron nan tasa ce, ko faɗin fili ne ya ara masa? Hanyar ganewa ita ce a ware lokutan da aka matse shi sosai a lungu a kalle su su kaɗai.

Sai batun hannu. Seider da dama yake riƙe sanda, masu riƙon dama kuwa sun fi ƙaranci a cikin 'yan baya. Mai riƙon hagu idan aka sa shi gefen dama, faifan da ya biyo katanga da bayan sanda zai tare shi, wannan kuma yana ci masa ɗan lokaci. Ƙungiyoyi suna biyan tsada saboda wannan kaɗai.

Kada wani ya ɗauka ina cewa girman jiki ne sirrin. A zaɓen 2012 'yan baya takwas aka ɗauka cikin goman farko. Na huɗu shi ne Griffin Reinhart, dogo kakkaura, wanda New York Islanders ta ɗauka. Wasanni 37 ya buga a NHL gaba ɗaya, bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Morgan Rielly da Hampus Lindholm da aka ɗauka a bayansa sun shafe sama da shekara goma suna wasa. Yaron da ya riga tsararrakinsa girma yana iya danne su da ƙarfi kawai, bai taɓa buƙatar saurin ƙafa ko saurin tunani ba, ranar da ya haɗu da waɗanda suka kai shi ƙarfi sai asiri ya tonu. Haka kuma mai son bugun jiki don 'yan kallo su yi ihu, ya bar gurbinsa ya bi mutum tsakiyar fili, in ya kuskure sai a bar abokinsa shi kaɗai da mahara biyu. Bugun Seider da ya yi suna da shi daban ne: yana riƙe da faifai, mai zuwa ya buge shi sai ya tarar da kafaɗa ta riga shi, ya faɗi, faifan kuma yana nan a sandar Seider. Bai bar gurbinsa ba, bai rasa faifai ba.

Inda na fi jinjina wa Detroit shi ne abin da suka yi bayan zaɓen, domin zaɓe rabin aiki ne. Ba su jefa shi NHL nan take ba. Da yake daga Turai aka ɗauko shi, dokar da ta hana 'yan gasar matasan Kanada masu ƙasa da shekara 20 buga gasar AHL, wadda ke ƙasa da NHL, ba ta hau kansa ba, sai suka kai shi Grand Rapids Griffins, ƙungiyarsu ta wannan gasar, yana ɗan 18. Can ya koyi ƙaramin fili, wasanni 49, maki 22. Da annobar korona ta jinkirta wasanni a Amurka, aka ba da aronsa ga Rögle ta Suwidin, ya tara maki 28 a wasanni 41, aka zaɓe shi gwarzon ɗan baya na gasar, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe. A gasar duniya ta 2021 shi aka ba kyautar ɗan baya mafi ƙwazo. Sai a kakar 2021 zuwa 2022 ya shigo NHL, ya buga wasanni 82 cif, ya tara maki 50, ya ɗauki kofin Calder na gwarzon sabon ɗan wasa. Makin da aka ce ba shi da shi, ashe dama ce ba a ba shi ba. Detroit, ƙungiyar da ta ɗauki Nicklas Lidström a na 53 a 1989, ya zo ya ci kyautar gwarzon ɗan baya sau bakwai, ta san ɗan baya ba ya nuna da wuri.

Ban ce Colorado ta yi kuskure da Byram ba. Ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da su a 2022, kuma raunin kai da ya yi ta fama da shi a farkon shekarunsa ba abin da wani mai tantancewa zai hango ba ne. Haka nan masu shakkar Seider a 2019 suna da hujja ɗaya ta gaskiya: wanda ba a gan shi yana tsara hari ba, ba za a rantse zai iya ba, kuma kashe zaɓi na shida a kan abin da ba a gani ba kasada ce. Abin da ya rage kasadar shi ne ko da harin bai zo ba, ƙafa da tazara da fitar da faifai sun isa su ba shi minti 20 a kowane wasa na tsawon shekaru.

Duk da haka masu kallon takarda ba su bar Seider ba. Bayan maki 50 na farko, ya yi 42, ya sake yin 42, aka fara cewa ya tsaya wuri ɗaya. Ku duba wa ake tura shi ya tsare. Duk dare shi ake jefa wa layin farko na abokan hamayya, sau da yawa zubinsa daga yankin tsaro yake farawa, kuma a kakanninsa uku na farko bai rasa wasa ko ɗaya ba. Detroit da take ganin wannan kullum, a watan Satumba na 2024 ta ba shi kwantiragin shekara bakwai a kan dala miliyan 8.55 kowace shekara.