Juya lamba ma ya gagara?

Haba jama'a! Aikin nan fa ba wuya: kwamfuta ta riƙe lambar adireshin intanet (IP), tana neman sunan na'urar da ke da ita. Sai ta juya lambar, 192.0.2.10 ta koma 10.2.0.192, ta liƙa in-addr.arpa a wutsiya, ta tura tambaya ga DNS, kundin sunayen intanet. Shi ke nan.

Amma manhajar da muke fama da ita a shagonmu na Samaru, da ta ga adireshin IPv6, wato sabon nau'in adireshi mai tsawo, sai ta rikice. Alamar "::" da ake taƙaita sifirori da ita, ba ta warware ta harufa su cika 32 kafin ta tura wa ip6.arpa, takwaran in-addr.arpa na IPv6. Tambaya ta tafi a gurgunce, amsa shiru, allo ya daskare, data na ƙonewa. Kwastoma kuma ni yake harara, wai ban iya aiki ba!